Ƙwan Zabo a Bakin Ƙofa

Ina feren doya a tsakar gidanmu a Yendi wayar ta shigo. Mijin ƙanwata ne daga Bawku. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Yaya, sai haƙuri." Na ajiye wuƙar a cikin kwano. Na tuna sai da na rufe doyar da faifai saboda kaji kafin na zauna.

Bayan sadakar bakwai ta ƙanwar tawa aka ba ni 'yarta, mai shekara huɗu. Dangi sun yanke cewa za ta zauna wajena wata guda, daga nan in kai ta Salaga wurin mahaifiyarmu, can za ta girma. Kayanta jaka ɗaya ne. A aljihun jakar na tarar da katin awonta, da wata takardar gwajin jini a ninke. A bayan takardar ƙanwata ta rubuta da biro: "D da B, me ya haɗa su? A tambaya."

Abin ya tsaya mini a rai, don yarinyar lafiyarta ƙalau. Tana gudu, tana cin tuwo, tana tsokanar akuya. Me ya kai uwarta gwada jinin yarinya mai lafiya, ban sani ba. Ƙanwar tawa dai tun tana ƙarama haka take, sai ta buɗe cikin rediyo ta ga mai magana.

Na kai takardar wurin wata nas da muke unguwa ɗaya. Ta duba ta ce bitamin D ɗin yarinyar ya ɗan yi ƙasa, haka ma ɗaya daga cikin na B, wanda ake kira B12, amma ba abin tashin hankali ba ne. Ta ce D fata ke yinsa idan rana ta taɓa ta, ana kuma samunsa a ƙwai da kifi. B12 kuwa daga nama yake zuwa, da madara, da kifi, da ƙwai.

Na ce, "To ɗaya ne ke jan ɗaya ƙasa?"

Ta yi dariya. "Anti, wannan ko likitoci ba su gama da shi ba. Ni abin da na sani, sau da yawa a kwano ɗaya suke shigowa. Bayan 'yan watanni ki kawo ta a sake dubawa."

Kullum da safe yarinyar sai ta je bakin ƙofa ta zauna, ta miƙo hannu. Na ba ta ƙosai, ta ƙi. A kwana na uku ta ce, "Mama ƙwan zabo take ba ni. Ni nake ɓarewa." Na dafa mata, na zauna ina kallo. Ɓawon ƙwan zabo tauri gare shi. Ta buga a dakali, ta buga, tana cire shi ƙanana-ƙanana da farce, hantsi yana dukan hannuwanta da ƙafafunta. Kafin ta kai baki har kokona ya huce. A nan na gane dalilin da ya sa uwarta ba ta ɓare mata: so take ta daɗe a rana.

Damuwata ita ce Salaga. A gidanmu ba a ba yaro ƙwai. Mahaifiyarmu ta gaji maganar daga tata uwar, cewa yaron da ya saba da ƙwai hannunsa ba ya tsayawa, ɓarawo zai zama. Duk da haka na sayi ƙwai goma sha biyu a Bimbilla inda motarmu ta tsaya, na naɗe su a zani.

Mma, mahaifiyar tamu, ta rungume jikar, wadda sunanta aka sa mata. "Takwara, kin zo cinye mini gida?" Da safe ta ga abin da ke cikin tukunya, fuskarta ta canza.

"Wa za ki ba?"

"Takwararki, Mma. Haka uwarta ta saba mata."

"So kike a riƙa ɓoye jaka in ta shigo gidan mutane? Ku biyu na raina, ko ɗaya ban ba ƙwai ba."

"Mma, wa ke kwashe miki na zabi a bayan rumbu muna yara?"

"Ja'irar ƙanwar nan taki," ta ce, dariya ta kama ta, sai dariyar ta juye kuka. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Yarinyar tana dakali tana ta bugun ƙwanta, ba ta ko dube mu ba.

Da zan tafi Mma ta ce, "Rana dai ba a saye, za ta sha." Na bar mata ƙwai goma sha ɗaya a cikin ƙwarya, na taho da takardar.

Muna waya duk Juma'a. Takan ce takwara ta yi ƙiba, ta koyi zagi da Gonjanci. Ban tambaye ta ƙwan ba tukuna, kuma ban je na ɗauko yarinyar a sake gwajin ba.