Hoton da ya haɗa ni faɗa da Malam Tasi'u

A dashen shinkafar ranin bana Malam Tasi'u ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Tare muka taso a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, benci ɗaya muka zauna a firamare. Shi ya zarce ya zama malamin sakandare, ni kuwa da na gama tawa sakandaren sai na koma gonarmu ta bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Duk tsawon zamanmu sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, a kan hoto kuwa. Labarin nan nake so in bayar, don ni ban iya jera wa mutum kirari ba.

Darasin labarin ƙasa aka ɗauke shi ya koyar a makarantar je-ka-ka-dawo ta garinmu. Wata rana ya shiga Kano ya dawo da wata kamara ta hannu, wadda ba a sa mata fim, sai wani ɗan kati da bai kai farcen babban yatsa ba. Daga nan ya ƙirƙiro wa kansa aiki. Duk ranar Alhamis bayan an tashi, yakan tara ɗaliban babban aji, maza gefe mata gefe, ya koya musu ɗaukar hoto. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya ce masa sannu. Ni kaina na sha tsokanarsa, ina cewa yaran da ba su gama sanin inda kogin Kano ya nufa ba, su ne zai mayar masu hoto.

'Yata Binta tana cikinsu, ta bakinta na san abin da ake yi a ajin. Wai mutum ya ba rana baya, ya dafe gwiwar hannu a haƙarƙari, ya riƙe numfashi kafin ya danna. Wai a daina dasa mutum a tsakiyar hoto, a ɗan gusar da shi gefe don a ga inda yake. Katin ƙarami ne, ɗalibai kuma da yawa, saboda haka hoto goma kacal kowa yake da shi idan layinsa ya zo. Binta ta ce Malam yakan ce wanda ya san goma gare shi, sai ya duba kafin ya danna. Babbar dokarsa ita ce ba a ɗaukar kowa sai an gaishe shi an nemi izininsa.

To, ana nan sai ya ba su aiki: kowa ya ɗauko hoton mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Binta ta zo ta durƙusa ta nemi izini, na ce mata ba komai. Mu a nan mun san yadda ake hoto. Wanka ake yi, a sa kayan sallah, a tsaya ƙyam, a haɗe rai. Na aika da shaddata wajen mai guga, na sa aka wanke hula. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na fito da kujera tsakar gida, na zauna na gyara wuyan riga, na ce a kira mini Binta. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai ta ce ai ta riga ta ɗauka tun ranar Laraba, lokacin da ta kai mini abinci gona. Na ɗan ji wani iri, amma na share, don ban san me ta ɗauka ba.

Sai ranar rabon kyaututtuka na gani. Malam ya kai hotunan Kura an wanke su manya-manya, ya lilliƙa a bangon ɗakin taro. Na shigo cikin shaddar nan tawa, ina gaisawa da mutane, sai na lura kowa ya dubi bango ya dube ni, yana danne dariya. Da na matsa, wallahi ni ne. Ina duƙe a cikin taɓo har ƙauri, wando a naɗe, singileti ta yage a kafaɗa, hula ta koma ƙeya, damin irin shinkafa a hannu. A ƙasa an rubuta cewa hoton nan ne ya zo na ɗaya a ajin. A shekarar kuwa ina neman shugabancin manoman rani na sashenmu, ga dagaci zaune, ga abokin takarata yana ta murmushi. Na cika na yi fam. Na ɓanɓare hoton a gaban jama'a, na cusa a aljihu, na fice.

A gida na yayyaga shi, na ce wa Binta ita da ajin Alhamis har abada. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ban kula ba. Washegari na tare Malam a ƙofar makaranta na ce ya ba ni fim ɗin in ƙona. Bawan Allahn nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Garba, wane fim? Ai yana cikin kati. Ka yaga ɗari, in wanko maka ɗari da ɗaya." Ya ƙara da cewa in na ce a goge zai goge, don hotona ne, amma in yi wa Allah in bar yarinya ta dawo, domin a ajin kaf ba mai idonta. Na juya na tafi. Mako uku ban yi masa magana ba, har sahu na canza a masallaci. Binta kuwa duk Alhamis sai ta dawo gida da wuri ta shige ɗaki.

Shi ko a jikinsa. Tun muna yara yake zuwa gaishe da mahaifiyata, Inna, duk ranar Juma'a, kuma bai fasa ba. A Juma'a ta uku ina zaure sai aka ce Inna tana kira. Na tarar da shi zaune a bakin tabarmarta, ita kuma ta kawo ɗan allon bayan kamarar daf da idonta. Ashe ita ta tambaye shi abin da ya haɗa mu, ya nuna mata.

Ta ce, "Garba, ina kuka samo hoton mahaifinka?"

Ina shekara takwas mahaifina ya rasu, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Fuskarsa ta daɗe da ɓace mini. Malam ya ce mata a hankali, ai Garba ne, Inna. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce haka mahaifina yake duƙawa, hannun hagu dafe da gwiwa, hula a ƙeya, ko ta gyara masa sai ta koma. Ta ce shekara arba'in ba ta ga wannan duƙawar ba, don tun rasuwarsa ba ta ƙara zuwa gona ba. Na karɓi kamarar na dubi mutumin da na ji kunyarsa a gaban dagaci, hawaye suka zubo mini, ni da gemuna. Inna ta ce a wanko mata nata, kuma a gaya wa Binta ranar Alhamis kada ta kuskura ta dawo da wuri. Shi ke nan, magana ta ƙare a sama da ni. Zaɓen kuwa na faɗi, amma ba hoto ne ya kayar da ni ba, mutane ne suka san halina.

Yanzu kowane yaro da waya a hannu. A wajen suna ɗaya sai a ɗauki hoto ɗari biyu, a goge ba a duba ba. Akwai ma abin da ake latsawa fuska ta yi fari fat, har in an kawo maka hoton amarya sai ka tambaya 'yar wace ce, alhali a gabanka ta girma. Nakan ce da Malam yana nan da ya sha dariya. Ba zai yi faɗa da waya ba, na san shi, mai son sabon abu ne. Karɓa zai yi ya juya ta, ya gano inda ake rage haske, sannan ya ce wa mai ita ya je gonar tumatir ya kawo masa goma, ba ɗari biyu ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne yadda ake ɗaga waya a fuskar mutum ba sallama, mai talla ne ko wanda ya faɗi da babur, a watsa wa duniya.

Binta ta yi aure, 'ya'yanta uku. Daga nan har Garun Mallam, in ana biki ita ake kira ta shiga cikin gida ta ɗauki mata, inda namiji ba zai shiga ba. Kuma da yardar maigidanta, duk Alhamis takan je tsohuwar makarantarsu ta zauna da 'yan matan babban aji. Malam bai bar gidan sama ba, bai bar mota ba. Ya bar yara da suka iya gaishe da mutum, su dube shi da kyau kafin su danna, kuma da na ci gaba da taurin kai, da na rage masa ɗaya daga cikinsu, mafi iyawar ma.

Shekara biyar muka ƙara tare bayan wannan faɗa, muna cin abinci kwano ɗaya, muna tsokanar juna. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma girman kai ya hana ni. Nakan ce gobe zan faɗa masa, har ciwon kwana huɗu ya ɗauke shi ina tsakiyar dashe. Tunda ban faɗa masa a zaure mu biyu ba, bari in faɗa a jarida kowa ya karanta. Tasi'u, kai ne da gaskiya. Ka yafe mini.