Ƙayar Aduwa a Jikin Duma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ko darduma ban naɗe ba, aka kira ni daga Ibeto. Yaya Ladi ta rasu.

Jibi ne fa muka shirya zuwa wurinta, ni da autata Bilkisu. Har na sayi goro da sabulu.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da yatsa ɗaya nake danna wayar nan. Amma wannan kam ba zan ba jika ya rubuta min ba.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. Ita 'yar Kambari ce, kasuwar Kontagora ce ta haɗa mu tun zamanin Turawa, a layin masu ƙwarya. Ita take shuka duma ta fafe, ni kuma in zana da wuƙa mai zafi, ga ɗan fari a bayana. Duk ranar kasuwa sai ta ɓoye min ƙwarya mafi santsi a ƙarƙashin kwandonta.

A lokacin cikin barci zane yake zuwa min. Sai in farka yana nan a idona kamar inuwar ganye a kan ruwa, in yi maza in hura wuta kafin ya watse.

Wata rana kukun wani Bature ya zo, ya ce uwargidan ta ga ƙwaryata, tana son irinta sak. Na yi. Ƙawayenta ma suka aiko, su ma sak. Zane ɗaya na yi ta maimaitawa har hannuna ya daina tambayata.

Da aka yi wa Baturen canjin gari, sai na ɗauko sabuwar ƙwarya na zauna. Wuƙa ta yi ja, ta huce. Na mayar da ita wuta, ta sake hucewa.

Babu komai. Barcin ma ya zama fili.

Ni dama matsoraciya ce. Na ce sammu ne. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, har na fara neman wanda zai sayi wuƙaƙena.

Yaya Ladi ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, garwashin nan me ya yi miki kike ɓata shi? Tashi mu je."

Damina ce. Ta kai ni bayan ɗakinta a gefen gari, inda duma ya hau jinka. Ta karyo ƙayar aduwa, ta nuna min wani ɗan duma da bai wuce dunƙulen hannu ba.

"Karce shi. Kada ki zurfafa, zai ruɓe."

Na ce, "Yaya, me zan zana?"

"Wa ya ce ki zana? Karce kawai, ki tafi gida. Sai kaka."

Washegari da sassafe ina wurin. Kashegarinta ma haka. Har ganye na rufa masa kada rana ta dame shi. A nan ta kama ni.

"Sarkin tsoro. Ɗan da ke bayanki, kullum kike kwance shi ki duba ko ya ƙara girma?"

Na ce, "Eh."

Ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Sannan ta rantse in ta sake ganin sawuna a bayan ɗakin, awaki za ta ba duman.

Da kaka ta yi, ta fafe duman ta kawo min ƙwaryar har kasuwa. Karcen nan da bai fi farce tsawo ba ya girma tare da ita. Ya miƙe, ya lanƙwasa, ya rabu biyu, kamar rafi idan ka hango shi daga kan dutse.

Ta ce, "Ga shi ya fara miki. Sauran naki ne."

Na bi rafin da wuƙa. Na sa masa ciyayi, na sa kifi, na sa mace da goyo tana tsallakawa. Ban san daga ina suke fitowa ba. Kafin in gama ta, zane ya dawo min cikin barci, kuma bai sake tafiya ba sai da ido ya gaza.

Ƙwaryar tana kan kabet ɗina har yau.

Bilkisu surfani take yi da keken ɗinki. Kwastomomi kan zo da hoto a waya su ce irin wannan sak. Tun bayan Sallah take zama gaban yadi ta kasa sa allura. Ta ce kanta ya bushe, keken za ta sayar. Ni kuwa barci ya ƙaurace min.

Farkon daminar nan na je Ibeto, inda Yaya Ladi ta koma da zama, na gaya mata. Ganinmu na ƙarshe ke nan. Idonta ya tafi, tana zaune gindin mangwaro, ta kama yatsuna tana shafawa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Kawo min ita idan duma ya yi 'ya'ya. Ke kuma ki zauna a mota."

Surukarta da ta kira ni ta ce min yanzu ya yi 'ya'ya, suna nan rataye a bayan ɗaki.

Gobe za mu tafi ta'aziyya. Ɗazu na aika aka karyo min ƙayar aduwa, na ƙulle ta a bakin mayafina. Ni zan ba Bilkisu, tunda mai bayarwar ta riga mu.

Allah ya jiƙan Yaya Ladi, ya yafe mata, ya sa kabarinta ya yi sanyi kamar inuwar duman nan. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.

Ni ma ku roƙa min haƙuri. Na yi alkawari ba zan tambayi Bilkisu komai ba sai kaka.