Yaya Sunkuya da Littafin da Ta Ɗinke

Bayan rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa, na yi watanni ban taɓa kaina ba. Ɗankwali nake ɗaurawa in rufe, gashin kuwa ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Na zaci ba wanda ya sani. Wata safiya ina wanke-wanke sai ga mai kitson layinmu ta yi sallama, kujera a hannu ɗaya, gwangwanin mataji da kibiya a ɗayan. Ban aika mata ba. Ta ajiye kujerar a bakin ƙofa, ta kira ni da laƙabin da ta sa mini, ta ce, "Shiru-shiru, zo ki zauna. Yau ba ni da kowa, hannuna ƙaiƙayi yake yi."

Allah Ya yafe mata wannan, don na hango mata a ƙofarta suna jira.

Ta zare ɗankwalin. Ta ɗora mini wani littafi a cinya ta ce in sunkuya in karanta. Na ce mata karatuna bai kai a saurara ba, ban yi nisa a makaranta ba. Ta ce, "To riƙe shi kawai." Na sunkuyar da kai a kan takardar na yi kukan da na kasa yi a gaban mutane, ita kuwa tana warware gashin sili-sili da mai, tana ba bango labarin tsadar sabulu.

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a layinmu. Yaya Sunkuya kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta, don kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. A hannun goggonta ta koyi kitso tun tana ƙarama. Mijinta magini ne, ciwon ƙirji ya kwantar da shi har ya tafi, da mataji ta rene 'ya'yansu uku ta aurar. Ɗakinta shi ne na farko a wani gidan haya, ƙofarsa tana kallon gabas, hantsi yana zuba a kan dokin ƙofar har kusan azahar. Nan take zama, mai kai a ƙasa tsakanin gwiwoyinta.

Ita ba ta iya karatu ba, amma kwandon littattafai ne a gefenta. Ta lura tun da daɗewa cewa mace in tana hira juya kai take yi, tsaga ta karkace, kuma hirar ba ta ƙarewa sai an ci naman wata. Sai ta kafa doka: duk wadda ta zauna, littafi a cinya, ta ɗora daga inda ta baya ta tsaya. "Mai karatu kanta a sunkuye yake," in ji ta, "bakinta kuma ba ya ɗaukar zunubi." Ta haka kowa guntu-guntu take samun labari, ita kaɗai ke jinsa daga farko. In sabuwa ta zauna, sai ta zayyana mata abin da ya wuce, ta haɗa mata har da abin da sauran suka ce a kai. Ni kaɗai ta ɗauke wa dokar. Riƙewa nake yi, ko in zauna a gefe ina jan carbi ina saurare.

Mun ji littattafai da yawa a wannan ƙofa, amma ba wanda ya tayar da ƙura kamar wanda Nas ta kawo. Nas ma'aikaciyar asibiti ce, ta tsince shi a ɗakin hutawarsu ba bango ba suna, muka sa masa littafin ɗaki. Labarin wata budurwa ne da ta samu aiki a babban birni take neman ɗakin haya. Wani ɗakin sai an jingine gado ƙofa ke buɗuwa. Wani mai gidan ya hana tari bayan isha'i. Wani kuma da ta buɗe taga sai ta ga kanta a kicin ɗin maƙwabta, matar gidan ta miƙo mata ludayi ta ce ta riƙe mata. Amma abin da ya hana mu sukuni shi ne, duk ɗakin da dillali ya buɗe mata sai ta tarar da takalmin namiji a bayan ƙofa, ƙafar hagu kaɗai, an goge shi yana sheƙi. Takalmi ɗaya ne, yana riga ta zuwa ko'ina.

Nas ta ce, "Dillalin ne. Duk mai yawan cewa 'ƙanwata' a littafi, ku sa masa ido."

Matar direba, wadda ba ta shiga banɗaki ba fitila ko da rana, ta ce, "Wane dillali? Mutanen ɓoye ne. Ni in na ga takalmin nan karo na biyu, wallahi sai dai a tarar da ni a gidan ubana."

"Ke dai kin cika tsoro," in ji Mai ɗinki. "Saurayi ne. Ƙafar dama tana wajen ango, ku rubuta ku ajiye."

"Angon da ke yawo da ƙafa ɗaya a ƙasa? Allah Ya kai damo ga harawa!" in ji Nas, ta juyo da kai.

"Sunkuya!" in ji Yaya, ta danna ƙeyar Nas.

Ita Yaya takalmin bai dame ta ba. Duk ɗakin da aka shiga sai ta tsayar da mai karatu ta ce, "Ina ƙofar take kallo?" A ce mata marubucin bai faɗa ba. Ta ja tsaki ta ce, "Yarinyar nan ba ta da wayo. Ta shiga ɗaki ba ta tambayi inda rana ke fitowa ba." Ni kuma, in faɗi gaskiya, wata asuba na tsinci bakina yana roƙa wa budurwar nan muhalli na gari a cikin addu'a. Sai da na shafa na tuna babu ita, na yi istigfari ina dariya ni kaɗai.

Ana cikin haka aka sayar da gidan da Yaya take haya. Sabon mai shi ya ce rushewa zai yi ya gina shaguna, kowa ya tashi kafin ruwa ya sauka.

Wani zai ce ai ɗaki ba ya wuya, amma ni na san abin da sauran ba su lura da shi ba. Na daɗe ina ganin Yaya tana jan kujera tana bin hantsi taku-taku. Ta daina karɓar kai bayan la'asar, wai bayanta ke ciwo. Rannan mataji ya faɗi a cikin ɗaki, na ga da tafin hannu take laluba shi. Idonta ne ke tafiya. A hasken safiya tana ganin tsaga sarai, a inuwa kuwa babu. In ba ta samu ɗaki a ƙasa mai kallon gabas ba, kitso ya ƙare mata. Ɗanta na fari, da ke aiki a wani gari, ya riga ya gyara mata ɗaki a benen da yake zaune, kullum yana waya: "Inna, ki zo ki huta haka nan."

Ta ce mini, "Kin ji wai hutu. In hau sama in zauna kamar tantabara ina kallon rufin mutane, hannuna a cinya. Shiru-shiru, ranar da hannun nan ya zauna, ni ma na zauna ke nan."

Ta bi dillalai sun gaji da ita, ta gaji da su. Kuma Yaya mace ce da za ta ba ki zanen jikinta amma ba za ta roƙe ki allura ba. Ba ta ce wa kowa a taya ta nema ba.

A lokacin littafin ya zo gangara, saura 'yan shafuka. Matar direba ce ke karatu: budurwar tana tsaye a wani ɗaki, ta ji tafiya a matakala, ƙwas, shiru, ƙwas, shiru, sai ga hannun ƙofa yana juyawa. Nan Yaya ta miƙo hannu ta saman kanta ta ɗauke littafin. Ta zaro allura da baƙin zaren kitso, ta ɗinke shafukan da suka rage ruf, ta ƙulle, ta datse da haƙori.

"Yaya! Me muka yi miki?"

"Ba ku yi mini komai ba. Amma yarinyar nan ba za ta riga ni samun ɗaki ba."

Nas ta ce za ta zo da almakashin asibiti. Yaya ta ce, "Zo da shi. Ni kuma in yi miki rabin kai in ce na gaji, ki tafi aiki a haka." Nas ta zaga masu sayar da littattafai, amma yaya za a nemo littafin da ba a san sunansa ba? Kafin mako ya zagayo, duk matan da ke zama a ƙofar nan sun koma dillalai. Mai ɗinki tana gwada wa mace riga tana tambayarta ko akwai mai tashi a gidansu. Matar direba ta sa mijinta tambayar fasinja.

Sai dai yadda Yaya take duba ɗaki daban ne. Ba ta kallon rufi, ba ta ƙwanƙwasa bango. Da safe take zuwa, da kujerarta, da mace ɗaya a bayanta. Ta zaunar da ita a bakin ƙofa, ta zare ɗankwali, ta ja kibiya daga goshi zuwa ƙeya. In ta ga tsaga, to; in ba ta gani ba, ta ɗauki kujera. Wanda Nas ta samo mai kyau ne, har da famfo a ciki, amma katangar maƙwabta ta tare rana. Na matar direba akwai haske, sai dai injin niƙa ne a jikin bango. Yaya ta ce, "Nan ko takalmin ya yi magana ba za mu ji ba." Hadari ya fara haɗuwa da yamma, maƙwabtanta suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ɗanta ya ce ƙarshen wata zai zo da mota.

Ni ba na shiga gidajen mutane, amma ina da ido. A hanyata ta kasuwa akwai wani gida da wani tsohon ma'aikacin gidan waya ke haya a ɗakin gaba. Na ga matarsa ta kwance igiyar shanya ta naɗe. Bayan kwana biyu na ga tukwanen furenta, waɗanda ba ta bari ko akuya ta shinshina, a ƙofar maƙwabciya. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Ƙofar kuwa gabas take kallo. Na wuce ta, na dawo, na sake wucewa, kafin Allah Ya ba ni ƙarfin yin sallama. Ashe komawa za su yi wajen 'yarsu, ko dillali bai ji ba tukuna.

Washegari ni ce kan gwaji. Na zauna a dokin ƙofa, na ji sanyin kibiya ya ratsa tsakiyar kaina, sai hannunta ya tsaya. Can ta ce, "Shiru-shiru, ashe kin yi furfura haka?"

Saura mai gidan, wata tsohuwa da ƙafa ta hana fita, tana zaune a tsakar gida a kan katifa. Da ta ji sana'ar ta girgiza kai. "Mai kitso? A'a. Mata su cika mini gida da gulma da shewa? Na yafe."

Yaya ba ta roƙe ta ba. Ta ce, "Gaskiyarki, Baba. Allah Ya ƙara lafiya." Ta sunkuya ɗaukar gwangwani, littafin ya zamo daga kwando. Tsohuwa ta ce wane irin littafi ne ake ɗinkewa kamar buhu? Yaya ta ce wani shirme ne na wata yarinya da takalmi. Tsohuwa ta ce wane takalmi? Yaya ta gyara zama. Har aka kira azahar muna nan, tsohuwa ta mance da maganinta, tana cewa, "Ni jikan mai gidan nake zargi, irinsu na sani." Da aka zo kan hannun ƙofa yana juyawa, Yaya ta miƙe ta ce sauran yana cikin ɗinki, ba a kwancewa sai a sabon ɗakinta.

Tsohuwa ta harare ta. "Ke muguwa ce." Sannan ta ce, "A nan bakin ƙofa za ku riƙa karatun? Da ƙarfi, yadda zan ji daga nan?"

Ɗan Yaya ya zo da motarsa kamar yadda ya ce, sai dai kayan layi uku kawai suka tsallaka. Ya yi fushi, ya huce, shi ya kafa mata ƙusoshin labule.

Safiyar farko a sabon ɗaki ba masaka tsinke. An ɗauko tsohuwa da katifarta an ajiye a zaure. Yaya ta sa haƙori ta tsinke zaren, Nas ta miƙo hannu tana cewa ita ta kawo littafin, ita ke da haƙƙi. Yaya ta kauce mata. Ta jawo ni ta zaunar tsakanin gwiwoyinta, ta ɗora mini shi a cinya. Na ce mata a hankali, "Yaya, kin san karatuna. Sai na tsaya ina haɗa baƙi."

Ta ce, "Shi nake so. Waɗannan gudu suke yi kamar an biyo su, kafin in ji daɗin abu sun wuce shi. Na daɗe ina jiran ƙofar nan ta buɗe, ba na so ta buɗe da sauri. Don Allah, ƙanwata, ke za ki karanta mini. Sunkuya."