Layi Takwas na Mai Harafi

Mijin yayata ya yi shekara talatin da huɗu a maɗaba'a yana jera harufan dalma, shi ya sa kowa ke kiransa Mai Harafi. A zamaninsu da hannu ake tsinto harafi ɗaya-ɗaya daga akwati, a jera shi a juye. Kuskure guda yakan sa a warware shafi. Don haka ya saba da karanta layi a kansa har ƙarshe kafin hannunsa ya motsa. Ni kuwa akawu ne, na yi makarantar mishan inda ake duba mana farce da layin rubutu kowace safiya, saboda haka jininmu ya haɗu tun ranar da ya zo neman yayata.

Bayan ya ajiye aiki, yayata kuma ta rasu, sai ya zauna shi kaɗai a ɗakinsa na bene. Akwai tebur a gindin taga, da buta ta lantarki, da kujera biyu, ɗaya tawa. A kan teburin nan yake wasan kartarsa ta mutum ɗaya, wadda yake kira Layi Takwas.

Ga yadda ake yin ta, kamar yadda ya koya mini. Ka fitar da masu lamba ɗaya guda huɗu, na zuciya da na lu'ulu'u da na ganye da na mashi, ka jera su a tsakiya. Su ne gidaje. Sauran arba'in da takwas ka karkasa su, wato ka cakuɗa su sosai, ka shimfiɗa layi takwas, shida-shida, duk a buɗe. Katin bakin layi kaɗai ke motsi, ɗaya bayan ɗaya. Ko ya hau kan wanda ya fi shi da lamba ɗaya a bakin wani layi, kowane iri ne, ko ya shiga gidan irinsa bi da bi, daga biyu har sarki. In layi ya ƙare, ka sami fili, kowane kati na iya zama a ciki. An ci wasa in duk sun shiga gida.

"Fili shi ne numfashi," in ji shi. "Kada ka cusa kati gida don kawai ƙofa a buɗe take. Wataƙila shi ne matakalar wani."

Ya ƙara wa kansa doka guda: katin da ka taɓa, ka tafi da shi, babu komowa. Saboda haka yakan yi minti arba'in hannu a cinya yana kallon tebur. Duk da haka, a shimfiɗa biyar da ƙyar ɗaya ke fita.

Wannan zaman shirun ne ya tsorata autarsa, wadda take aikin nas a wani gari. Sau biyu ta zo ta tarar da buta ta ƙone ƙurmus, uban yana zaune kamar an dasa shi. Ta yanke shawara cewa kansa ya fara juyewa, za ta kwashe shi ya koma gidanta.

"Baba, sallama uku na yi ba ka amsa ba."

"Ina tsakiyar layi na shida ne, Auta."

"To ran Asabar zan zo da mota."

"Ki zo. A shimfiɗa mini sau ɗaya a gabanki. In na kasa, ki ɗaure ni da akwatina."

Ina zaune a kujerata na ji wannan alkawari. Na san lissafin: huɗu cikin biyar zai rasa ɗakinsa da tagarsa, ni kuma in rasa kujerata. Ran Juma'a da la'asar na ari kartar, na ce zan goge mata maiƙo. A gida na zauna na tsara ta yadda dole ta fita. Ban taɓa yin maguɗi ba a rayuwata, kuma na yi shi da irin tsabtar da aka koya mini.

Da hantsin Asabar Auta ta iso. Na yi kamar ina karkasawa, na shimfiɗa. Mai Harafi ya gyara tabarau, ya duba bai fi minti ɗaya ba, sai ya ɗago ya dube ni.

"Akawu."

"Na'am, Yaya."

"Masu lamba biyu su huɗu duk a bakin layi, uku-uku na bayansu, sarakuna duk sun koma can ciki sun yi ladabi. Wannan karta ce ko 'yan makaranta a layin duba farce?"

"Sa'a ce kawai."

"Sa'a ba ta iya jera abu haka ba. Ko ƙarya za ka yi, sai ka ja mata layi da rula?"

Auta ta riƙe baki. "Kawu! Kai ma?"

Ya tattara kartar ya miƙa mata. "Karkasa da hannunki, 'yar nan. Kawunki ya ji tausayina ne, ki yafe masa."

Ta karkasa sau bakwai, ta shimfiɗa. Ni ko da na ga biyu-biyun sun nutse can ƙarshen layuka, na san an gama. Shi kuwa ya sa hannu a cinya. Na duba agogona: minti talatin da biyar bai motsa ba. Auta tana kallonsa irin kallon da nas ke wa marar lafiya. Sannan ya ce in ba shi takarda da fensir. Ya yi rubutu, ya ninke, ya danne da kofi.

"Wannan ba ta fita," ya ce. "Ba zan taɓa ta ba. Ke gwada. Shida guda ce a bakin layi, biyar kuwa biyu ne masu son hawanta. Zaɓi ɗaya."

Ta ɗora biyar na zuciya. Ta yi tafiya, kati bayan kati, a ta bakwai ta tsaya cak. Sarakuna uku sun tare bakin layuka, babu katin da ke da wurin zuwa. Muka mayar da komai yadda yake, ta ɗora biyar na ganye. Tafiya huɗu ta maƙale.

"Buɗe takardar," ya ce.

Ta karanta a fili: "Zuciya, tafiya bakwai, sarki uku a ƙofa. Ganye, tafiya huɗu, a tsaya kan tara na mashi." Ta dubi tebur. Tara na mashi na nan a gabanta.

"To," ya ce, yana cire tabarau. "Alkawari na yi. Ban ci ba. Akwatin yana ƙarƙashin gado."

Auta ta sake duba takardar, ta dubi tebur. Sannan ta share ido da bakin mayafinta.

"Baba, ni da ke ba mutane magani ban iya riƙe tafiya uku a kaina ba. Zauna abinka. Amma butar nan ta gama aiki. Zan kawo mai kashe kanta."

"Ki kawo wa kawunki ma karta mai karkasa kanta."

Ya ƙara shekara shida a ɗakin nan kafin ya rasu. Kartar tana wurina yanzu, gefenta ya yi laushi kamar tsumma. Kowace safiya nakan shimfiɗa layi takwas, in sa hannu a cinya. Ban taɓa wuce minti goma ba, sai hannuna ya kai kan kati.