Ni da Murya, Ita da Fuska

Kai jama'a, yau na tsinka perzidan ɗin fadarmu, wato shugaban ƙungiyarmu ta matasa, a gaban Magaria duka!

Wata biyu ina repetisiyon, ina ta gwajin waƙar buɗe babban wasanmu. Da la'asar fili ya cika, har daga Waca an zo. Sai perzidan ya miƙo min mikro:

"Hadiza, tsaya bayan labule ki rera. Balki za ta hau tana motsa baki, ta fi ki kyau a hoto."

Balki fa budurwarsa ce! Na ce to.

Baitin farko aka yi tafi. A na biyu na ɗauke wuta. Balki na ta wangale baki kamar kifi, ba sauti!

Ya leƙo yana gumi: "Ke, don Allah!"

Na ɗaga mikro: "Ku saurara, yanzu kyau zai rera muku sauran."