Kalmar da na ƙaryata Kawu Salisu a kanta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Salisu, kuma har yau akwai maganar da ban gyara ba.

Shi ne ke rubuta wa ƙananan na'urori umarni a Dakoro, irin waɗanda ke kunna famfon rijiya su kashe shi in kwamin shayar da dabbobi ya cika. Yana kuma da aji inda yake koya wa ɗalibai wannan aiki. Yana da wata ɗabi'a. Duk lambar da na'ura za ta riƙa dubawa a kai a kai, sai ya sa mata kalmar "register" a gaba. Roƙo ne ga kwampilata, wato manhajar da ke mayar da rubutun mutum harshen na'ura, cewa ta ajiye lambar a 'yan aljihunan da ke kusa da ƙwaƙwalwarta, kada ta kai ta rumbu.

Na dawo daga jami'a kaina na hayaƙi. A gaban ɗalibansa na buɗe ordinatata, wato kwamfutata, na juya rubutunsa zuwa harshen na'ura da kalmar a ciki, na sake juyawa babu ita. Sakamako ɗaya ya fito. Na bayyana musu cewa kwampilatar zamani ta fi mutum sanin abin da ya dace da aljihu, tana jin roƙon ta yi biris da shi. Har da ƙarin cewa Kawu ya shekara ashirin yana gaida kurma. Aka yi dariya.

Ya dube ni ya ce, "To, ɗana, kai ka yi boko. Ni abin da na gani shi nike koyarwa."

Daga ranar ɗalibai suka fara raguwa. Bai ƙara shekara ba ya rufe ajin.

Bayan rasuwarsa famfon wani ƙauye wajen Bader Gula ya tsaya, aka kira ni. Dole na yi aiki da tsohuwar kwampilatar da ya bari, don ita kaɗai ta san wannan na'ura. Na cire kalmar, aiki ya yi nauyi. Na mayar da ita, ya saki. Tasa tana jin roƙo. Ni a kan tawa na yi gwajin, ban ko tambayi wadda yake amfani da ita ba.

Da yana nan yau, zai tarar wasu harsunan na'ura sun yar da kalmar gaba ɗaya. Na san ba zai damu ba, zai ce a gwada a gani. Wannan halin ne ya bari, kuma shi na rasa ranar.

Kunya ta hana ni magana shekara da shekaru. Ku da kuka zauna a ajin nan, wasunku na karanta wannan jarida. Malaminku bai koya muku ƙarya ba. Ni ne na yi kuskure, kuma ya tafi ban nemi gafararsa ba.