Anselmo da Fasinjojinsa na Ruwa

Kafin rana ta leƙo, tsohuwar motar Anselmo Maestas tana tsaye a ƙofar filin gwaji. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka. Zai fito da kofin gahawa a hannu ɗaya, ƙunshin gurasar masara da wake da koren barkono a ɗayan, ya kifa kwalkwali, ya taka zuwa inda jirgin ƙasa ya kwana. Abu na farko, ya rataya tutarsa shuɗiya a goshin jirgin. Duk ma'aikacin dogo a ƙasar nan ya san dokar: muddin tutar tana rataye, akwai mai aiki a ciki ko a ƙarƙashi, jirgi ba ya motsi, kuma ba mai cire ta sai wanda ya rataya ta. Daga nan sai ya shiga gaida fasinjojinsa.

Fasinjojin Anselmo jarkoki ne. Kafin a yarda sabon jirgi mai tsananin gudu ya ɗauki ɗan Adam, sai an kawo shi nan dajinmu na yammacin Amurka, inda babu komai sai ciyawa da barewa da macizai, ya yi wata da watanni yana zagaye a layi. Ba a gwaji da rayuka, don haka kowace kujera ana ɗora mata ƙatuwar jarkar ruwa mai nauyin babban mutum da jakarsa. Cikawa, ɗorawa, ɗaurewa, aikin Anselmo ke nan. A takarda sunansa "mai lodi", kamar wanda ke jifan buhunan dankali.

Kullum yana bi kujera-kujera, yana ƙwanƙwasa kowace jarka da bayan yatsa. "Barka da asuba, madam. Yallaɓai, ɗan gyara ƙafa." Cikakkiya takan amsa ƙasa-ƙasa, wadda ruwanta ya ragu kuwa sai ta yi ƙara kamar ganga. Kujera ɗari uku da tamanin da shida, bai taɓa tsallake ɗaya ba. Shekaru muna yi masa dariya, ni ne kan gaba, ni mai ajiye takardun gwaji, wanda babban haɗarin aikinsa shi ne gyangyaɗi. Farfesa suke kirana, kuma ba don girmamawa ba.

Darlene Zupan, direbar gwaji, ba ta wuce shi ba tare da tsokana ba.

"Tsoho, matan naka sun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Kin yi sa'a ba su da baki, da kin ji ra'ayinsu a kan tuƙinki."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bara. Da sanyi ya tsananta, aka zubar da ruwan jarkokin don kada ƙanƙara ta fasa su. A daidai lokacin ne aka yi wa Anselmo aiki a gwiwa, ya yi mako shida a gida. Sai aka ɗauko 'yan kwangila su sake cikawa. Tiyonsu ya kai tarago uku na gaba da bakin na huɗu, bai kai sauran ba. Na bayan, suka ɗan tsiyaya musu abin da ya samu da bokiti, suka ɗaure, suka kama gabansu. Takarda ta zo teburina. Na zagaya jirgin ta waje, na leƙa ta taga, na ga kowa zaune a ɗaure kamar a coci, na sa hannu cewa lodi ya cika.

Anselmo ya dawo aiki ranar gwajin birki na ƙarshe, wanda in jirgi ya ci shi, an ba shi takardar ɗaukar mutane. An kafa rumfa, an jera kujeru, manyan baƙi sun zo daga nesa da masu ɗaukar hoto. Shi kuwa ya rataya tutarsa, ya shiga yana ɗingishi. Tarago na farko, na biyu, na uku, lafiya. A na huɗu, kujera ta goma sha huɗu ta amsa masa da muryar ganga. Ta kusa da ita ma haka. Ya bi su har ƙarshen jirgi, ya sauko, ya jawo bokiti ya kifa a gindin tutarsa, ya zauna.

Mista Lindgren, wanda kamfanin da ya ƙera jirgin ya turo ya shugabanci gwajin, ya taho yana duba agogo.

"Maestas, cire tutar nan. Mutane suna jira."

"Nawa mutanen ba su gama shiga ba, yallaɓai."

"Waɗanne mutane kuma?"

"Sun haura ɗari biyu. Rigunansu sun zo, nauyinsu bai zo ba."

Lindgren ya ɗaga takardata sama. "Ga shi an sa hannu!"

Anselmo ya juyo ya dube ni. "Farfesa, ka ƙwanƙwasa?"

Na ce na leƙa ta taga.

"Ai ta taga ni ma saurayi ne," in ji shi.

Aka tuntsire da dariya, ban da mutum biyu, ni da Lindgren. Lindgren ya rage murya, irin ragewar da ta fi tsawa. "Shekara ɗaya ta rage maka ka yi ritaya. Kana so ka ƙarasa ta a nan, ko ka tafi gida yau da takardar kora?"

Duk mun san abin da kora take nufi ga mutumin da ya ba shekara sittin baya da gwiwar ƙarfe. Anselmo ya buɗe ƙunshinsa, ya gutsuri gurasa, ya tauna a hankali.

"Kora a hannunka take, yallaɓai. Tutar a hannuna."

Lindgren ya juya ga ma'aikata, ya ce wani ya cire ta. Mutum goma sha biyar a wurin, kowa ya gano wani abin sha'awa a kan takalminsa. Lindgren ya ɗaga kai wajen Darlene, wadda ta leƙo ta tagar direba.

"Kar ka dube ni," ta ce. "Ni yau shuɗi kaɗai nake gani."

Awa huɗu aka yi ana haɗa tiyo da tiyo ana cika jarkoki. Baƙi suka cinye abin da ke rumfa, suka watse. Anselmo ya sake bin kujerun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fito ya cire tutarsa da hannunsa. Darlene ta tashi jirgi, ta kai shi mil ɗari da sittin a awa, ta danna birki a inda aka ce. Ƙa'ida ita ce ya tsaya kafin wata sanda mai ruwan ɗorawa. Muna kallo ya iso sandar, ya wuce ta, ya ci gaba da tafiya yana kuka, sai da tarago uku suka shige sannan ya tsaya. Da an yi gwajin ba cikakken nauyi, da ya tsaya a kan lokaci, an ba shi takarda. A nan, bayan sandar babu kowa sai zomaye. A birni kuwa, bayan sandar akwai bango, ko wani jirgin cike da mutanen da ba ruwa ne a cikinsu ba.

To, me kuke tsammani aka yi wa mutumin nan? Ba a kore shi ba, wannan kam an yi mana alfarma. An ba shi takardar gargaɗi saboda taurin kai. An tura shi wata uku gyaran shingen da ke hana barewa hawa layi, da wannan gwiwar, a wannan iskar. Rahoto ya ce an samu jinkiri "saboda matsala daga sashen lodi". Ni na buga rahoton, da yatsun nan da suka kasa ƙwanƙwasa roba. Mako bakwai aka yi ana sake birkin. Da jirgin ya fara ɗaukar mutane, aka yi biki, aka kira injiniyoyi ɗaya-ɗaya aka ba su lambar yabo don "gano matsala a kan lokaci". An gode wa masu rumfa. An gode wa masu furanni. Na saurara har ƙarshe ko za a yi kuskure a ambaci sunansa. Ba a yi kuskuren ba.

Anselmo, kai ne ka gano. Kai ne ka zauna a kan bokiti da aikinka a tafin hannun wani, ka ci gurasarka. Mai kunnen da ya fi na'ura, uban marasa baki. Kai ne ka ɗauki jarka a matsayin mutum, a ranar da masu digiri suka ɗauki mutane a matsayin jarkoki. Yau mata da yara suna shiga jirgin nan, yana tsayawa daidai bakin dandamali ko shayinsu bai zube ba, kuma babu ɗaya da ya san sunanka.

Juma'ar nan yake ajiye aiki. Da ofis suka tambaye shi abin da yake so na tunawa, sai ya ce jarkar kujera ta goma sha huɗu, zai yanke kanta ya shuka barkono. Aka ce ba zai yiwu ba, kayan kamfani ne, sai dai in ta lalace. Kuma mai shaida lalacewa a takarda ni ne. Na je na ƙwanƙwasa ta, a karon farko a rayuwata. Lafiyarta ƙalau. Na rubuta cewa ta fashe, na sa hannu. Wancan karon ban san ƙarya nake sa wa hannu ba. Wannan karon na sani, kuma ko gezau ban yi ba.

Mun gode, tsoho. Allah ya ba gwiwar nan hutu, ya sa barkonon ya yi yaji. Ku kuma da ke karanta wannan, ko wane irin aiki ke gabanku, kafin ku sa hannu ku sauka daga kujera, ku shiga ciki, ku ƙwanƙwasa. In kun ji muryar ganga, ku nemi bokiti ku zauna.